Hard ko Expert? Zaɓen mataki a gem ɗin kiɗa idan ɗakin cike yake da baƙin fuska

Gem ɗin kiɗa ba kamar ƙwallon PlayStation ba ne da ya cika gidajen gem na Aboabo da Asawase a Kumasi, inda ko an zura maka uku da farko kana da sauran lokacin ramawa. A nan waƙa ce ta minti 2 ko 3, ɗigo yana gangarowa a kan layi, kai kuma kana bugawa daidai da kiɗa. In ka ɗauki matakin da ya fi ƙarfinka, tun a sakan 20 na farko an gama da kai, abin da ya rage kallo ne. In kai kaɗai kake bugu ba wanda ya yi asara, sai ka sake. Amma a ɗakin da ake haɗuwa ta intanet a buga tare da mutum 4 ko 15 waɗanda ba ka san ko sunansu na gaskiya ba, babu sakewa, babu tsayarwa, kuma abin da ka zaɓa yakan shafi wasu.

Kowane mai bugu yana da mataki iri biyu. Akwai na gida, wato mafi tsananin abin da ya taɓa ƙetarewa bayan ya maimaita waƙa ɗaya sau 15. Akwai kuma na ɗaki, wato abin da zai buga tsaf a karon farko, a waƙar da wani ya zaɓa, da hannun da bai gama ɗumi ba. Yawancin abin kunyar da ake sha a ɗaki daga rikita waɗannan biyun yake fitowa. Tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce, kuma girmanta yana canzawa bisa irin ɗakin da aka shiga da irin na'urar da ke hannu.

Suna daban, lamba daban

Kafin komai, a daina yarda da sunan mataki. Hard na wannan gem ba Hard na wancan ba ne, kai ko a cikin gem ɗaya ma Expert ɗin wata waƙa ba tsarar na wata ba ne.

A Project Sekai, wanda ya fito a Japan a 2020, na sauran duniya kuma a ƙarshen 2021, matakan su ne Easy, Normal, Hard, Expert, Master, sai Append da aka ƙaro daga baya don masu bugu da yatsu da yawa. Gefen kowane suna akwai lamba, kuma lambar ce ke faɗin gaskiya. Expert mai lamba 23 da Expert mai lamba 30 launinsu ɗaya a fuskar waya, amma na biyun ya fi Master mai lamba 27 wuya. Wanda ya saba cewa "ni Expert nake bugawa" bai faɗi komai ba tukuna. Wanda ya ce "ni 25 nake bugawa a ɗaki" shi ne ya san kansa.

A osu!, wanda Dean Herbert ya saki a 2007 kuma har yau kyauta ne a kwamfuta, taurari ake ƙirgawa. Ƙasa da 2.0 Easy ne, 2.0 zuwa 2.69 Normal, 2.7 zuwa 3.99 Hard, 4.0 zuwa 5.29 Insane, 5.3 zuwa 6.49 Expert, daga 6.5 zuwa sama Expert+. Sai dai 'yan wasa ne da kansu ke tsara zubin ɗigon kowace waƙa, suna kuma raɗa masa sunan da suka ga dama, don haka sunan ado ne kawai. Ko taurarin ma ba sa faɗin irin wahalar: zubi biyu masu tauraro 4.5, ɗaya tsalle ne daga wannan kusurwa zuwa waccan, ɗaya kuma jerin ɗigo ne a manne da juna mai neman saurin yatsa. Mutum yakan ƙware a ɗaya ya zama ɗan koyo a ɗayan.

Fortnite Festival, da ya zo a Disamban 2023, ana iya samunsa a gidan gem saboda yana kan PS4 da PS5 kuma ba a sayensa. Matakansa Easy, Medium, Hard da Expert. Uku na farko layi 4 ne, Expert kuma layi 5, biyu a hannun hagu, uku a dama. Wannan layi ɗaya da aka ƙara ba ƙarin wahala ne kawai ba, sabon karatu ne ga yatsu, domin inda kowane yatsa ya saba sauka ya canza. Ban da mataki, kowace waƙa tana nuna tsananin kowane kayan kiɗa daban da 'yan sanduna: ganga a Expert tana iya zama azaba a waƙar da bes ɗinta a Expert ɗin wasan yara ne.

Me ke ƙaruwa in an hau mataki

Abu uku ne, kuma ba lallai su ƙaru tare ba.

Na farko yawan ɗigo a sakan. A waƙa mai bugu 180 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 333 ne (milisakan kashi ɗaya ne cikin 1,000 na sakan). Ƙananan matakai kan bugun suke bi, ɗigo 3 a sakan. Na tsakiya sukan raba bugun biyu, ɗigo 6 a sakan. Manyan su raba shi huɗu, ɗigo 12 a sakan, milisakan 83 tsakanin ɗaya da ɗaya. Babban yatsa ɗaya ba ya yin wannan, dole a riƙa karɓa-karɓa tsakanin hannu biyu, kuma wanda bai koyi karɓa-karɓar ba zai ga kamar katanga ce aka gina masa.

Na biyu lokacin da ido ke samu. A osu! ana kiransa AR: a AR 5 ɗigo yana bayyana milisakan 1,200 kafin a buge shi, a AR 8 milisakan 750, a AR 9 milisakan 600, a AR 10 milisakan 450. A gem ɗin waya kai ne ke saita gudun gangarowar ɗigo, a Project Sekai daga 1 zuwa 12. Abin da sababbi ba sa yarda da shi sai sun gwada: a babban mataki, gudu kaɗan shi ne ke wahalar da mutum, domin ɗigo yana taruwa a fuskar waya kamar cunkoson kasuwar Kejetia, ido ya kasa raba na gaba da na baya. Ƙara gudun yana buɗe tazara a tsakaninsu. A riƙa ƙarawa da 0.2 ko 0.3, ba tsalle ɗaya ba, kuma ba a cikin ɗaki ake wannan gwaji ba.

Na uku faɗin ƙofar da ake karɓar bugu. A osu! wannan shi ne OD, kuma lissafinsa a fili yake: don samun cikakken maki 300, kuskurenka kada ya wuce milisakan 80 a debe OD sau 6, gaba ko baya. A OD 5 milisakan 50 ke nan, a OD 8 milisakan 32. In mai ɗaki ya kunna Double Time, waƙar ta ƙara gudu da rabi, wannan 32 ɗin ta koma kusan 21. A riƙe waɗannan lambobi, za su dawo idan aka zo maganar waya da iyafis.

Ɗakin da kowa ke zaɓar nasa

Wannan shi ne tsarin Project Sekai da BanG Dream, mutum 5 a ɗaki, da kuma babban dandalin Fortnite Festival, mutum 4. Waƙa ɗaya, kowa da matakinsa, maki kuma a tara.

A Project Sekai kowa yana jefa waƙarsa, gem ɗin ya zaɓi ɗaya a cikinsu, sannan a ba ka 'yan sakanni ka ɗauki mataki. Ma'ana sau huɗu cikin biyar, in kowa ya jefa tasa daban, ba waƙarka za a buga ba. Ga inda kwatancen yake da daɗi. A irin wannan gem, kaso mafi girma na makinka daga ƙarfin katunan mawaƙan da ka jera a ƙungiyarka da baiwarsu yake zuwa, ana raba shi a kan yawan ɗigon da ke zubin. Zubi mai ɗigo 500, kowane ɗigo yana da nauyi. Mai ɗigo 1,100, kowane ɗigo nauyinsa ya ragu. Ƙarin da babban mataki ke bayarwa a kan ƙarami ɗan kaɗan ne, bai kai yadda mutane ke zato ba. Saboda haka Hard da aka buge shi tas, kusan duka Perfect, yakan wuce Expert da aka cika shi da Great da Miss (hukuncin bugu daga sama zuwa ƙasa shi ne Perfect, Great, Good, Bad, Miss). Kuma a wannan gem ko Good yana yanke kombo, wato jerin bugun da ka riƙe ba kuskure, ba sai Miss ba.

To me ke lalacewa in an yi haɗama? Ma'aunin rai yana farawa daga 1,000, kowane Bad da Miss yana zaftare shi. A ɗaki, in ya ƙare ba a fitar da kai, za ka ci gaba da bugu, amma makin da kake samu daga nan a rage yake. Sannan akwai ɓangaren da ake kira Fever Chance, inda bugun kowa ke cika ma'auni ɗaya. Mutum ɗaya da ke ninkaya a Master zai iya hana ɗakin kaiwa Super Fever, ladan kowa ya ragu. Ba wanda zai zage ka, don ba a hira sai 'yan hotunan sitika, amma kowa ya ga wanda ya jawo.

Hukuncin irin wannan ɗaki a sauƙaƙe yake: in waƙar ka san ta, ɗauki lambarka ta ɗaki, in ba ka taɓa jin ta ba, sauka da lamba 2 ko 3, ko da hakan na nufin komawa Hard. Babu abin kunya a ciki. Masu neman matsayi a gasar mako, waɗanda ke bugu na sa'o'i a jere, da gangan suke sauka ƙasa da ƙarfinsu don kada hannu ya mutu. In ka ga wani ya ɗauki Hard ko ma Easy a ɗakin manya, kada ka ɗauka rago ne.

Wani tarko: Master yana buɗewa ne in ka ƙetare Expert ɗin waƙar da kuskure 7 ko ƙasa da haka, a haɗa Good da Bad da Miss. Buɗewar izini ne na ka fara koyo, ba shaidar ka iya ba. Ranar da Master ta buɗe ba ranar kai ta ɗaki ba ce.

A Fortnite Festival akwai ƙofa ta biyu da sauran ba su da ita, wato canza kayan kiɗa maimakon canza mataki. Wanda ke tsakanin Hard da Expert, ya fi masa ya ɗauki Expert a bes ko murya a waƙa mai sanduna kaɗan da ya ɗauki Expert a ganga. Bes da murya ninkin makinsu yana kaiwa 6, jita da ganga suna tsayawa a 4, to riƙe jeri ba tare da yankewa ba ya fi tsada a can. Sai dai a duba duk waƙoƙin da aka jera, don baƙi sukan jera har 4, kuma ba wuya a samu ɗaya a ciki da aka sa don nuna bajinta.

Ɗakin da mai ɗaki ke zaɓa wa kowa

Nan ne osu! ya bambanta, kuma nan ne aka fi jin jiki. A tsohon tsarinsa ɗaki yana ɗaukar har mutum 16, mai ɗaki ya zaɓi zubi ɗaya, kowa ya buga shi. Ba ka da zaɓin mataki, zaɓinka shi ne ɗakin da ka shiga. Sunan ɗaki yakan faɗi iyaka, misali taurari 3 zuwa 4, da kuma ko ana zagaya mulkin ɗakin daga wannan zuwa wancan. A lura da lambar sama, ba ta ƙasa ba. Ɗakin da ya ce 4 zuwa 5, a aikace kusa da 5 ake yawan bugawa, domin duk wanda mulki ya zo hannunsa so yake ya nuna abin da ya iya. In lambarka ta ɗaki 4.2 ce, wurinka ɗakin 3.5 zuwa 4.5 ne, ba na 4 zuwa 5 ba.

Sai a duba yadda ake yanke nasara, don shi ke faɗin irin kuskuren da ya fi tsada. In da tsohon lissafin maki ne, kombo ne sarki: makin kowane bugu yana ƙaruwa da tsawon jerin da kake riƙe da shi, ta yadda yankewa ɗaya a tsakiyar waƙa yakan zubar da kusan rabin abin da za ka samu. Mutum mai daidaito 92 cikin 100 wanda bai yanke ba zai doke mai 98 da ya yanke a tsakiya. In kuwa da daidaito ake yanke nasara, lissafin daban ne: bugun 300 cikakke ne, na 100 sulusi, na 50 kashi ɗaya cikin shida. A zubi mai ɗigo 500, wanda ya samu 450 cikakku, 40 na 100, 5 na 50, ya ɓarar da 5, daidaitonsa 92.8 ne. Mai hannu mai sanyi wanda ba ya son tsalle-tsalle ya nemi ɗakin daidaito. Mai ido da sauri wanda kunnensa bai gama zama ba, ɗakin maki ya fi yi masa rangwame.

In zubin ya fi ƙarfinka kuma an buɗe wa kowa ya sa abin sauƙaƙawa, akwai No Fail da Easy, kowannensu yana raba makinka biyu. No Fail ya fi: bai taɓa zubin ba, faɗuwa kawai yake hanawa. Easy kuwa yaudara ce a manyan taurari, domin yana girmama ɗigo yana kuma rage AR, sai fuskar kwamfuta ta cika da da'irori a kan juna, karatun ya fi da wuya. A ɗakin ƙungiya da ƙungiya lamarin ya fi nauyi, don wanda ransa ya ƙare ba a ƙirga makinsa ga ƙungiyarsa muddin bai farfaɗo ba. Zama ɗan kallo na zagaye ɗaya ya fi zama gawa a cikin sahu.

Idan mulkin ɗakin ya zo hannunka, ƙa'idar ta juye: ba ƙarfinka za ka duba ba, na ɗakin za ka duba. Kalli sakamakon zagaye 2 da suka wuce. In rabin mutane sun faɗi ƙasa da 85 cikin 100, sauko da rabin tauraro. Zaɓi waƙa mai minti 2 zuwa 3, ba mai minti 7 ba, kuma ka tuna kowa sai ya sauke ta kafin a fara. Zubi mai bidiyo yana cin data, kai ma da bandil ɗin MTN ko Telecel kake, ka kashe sauke bidiyo a saiti. Mai ɗakin da ya ɗora tauraro 6 a ɗakin 4 zai ga kujeru suna zama fanko ɗaya bayan ɗaya. A sabon tsarin osu! da ake kira lazer an ƙara damar da mai ɗaki zai bar kowa ya zaɓi matakinsa a cikin waƙa ɗaya. In an kunna ta, ɗakin ya koma irin na farko.

Ɗakin fito-na-fito, irin na Funky Friday a Roblox inda mutum biyu ke fuskantar juna da kibau 4, ba ya buƙatar dogon bayani. Ba ka cutar da kowa in ka faɗi, kanka kawai. In akwai inda ya halatta a gwada abin da ya ɗara ƙarfi a gaban baƙo, to nan ne.

Sauka da yawa ma laifi ne

Kada a ɗauka shawarar ita ce a riƙa laɓewa a ƙasa. Wanda ya saba da ɗigo 8 a sakan, in ya koma zubi mai ɗigo 2, yakan yi saurin bugu, don hannunsa yana neman ɗigon da babu. Ƙananan zubi kan tsallake sautin da kunne ke ji, sai yatsa ya bi ganga alhali zubin murya yake bi. Kuma da yake ɗigo kaɗan ne, kowane kuskure nauyinsa ya ninka: Miss 5 a cikin 250 kashi 2 ne cikin 100, Miss 5 a cikin 1,000 rabin kashi ne. Mataki ɗaya ƙasa da na gida shi ne daidai ruwa daidai tsaki. Mataki biyu ƙasa sai da dalili: gajiya, waƙa baƙuwa ƙwarai, ko na'urar aro.

Abin da ke cin mataki a Kumasi

A fara da abin da ake ɗora wa laifi alhali ba shi da shi. Jinkirin sabis ba ya sa ka ɓarar da ɗigo. A waɗannan gem ɗin a kan na'urarka ake auna bugunka, maki kawai ake aikawa. Ko da jinkirinka zuwa sabar Turai ya haura milisakan 100, Perfect ɗinka Perfect ne. Abin da sabis ke yi shi ne ya yanke ka gaba ɗaya. Don haka tsayayyen sabis ake nema, ba mai gudu ba: kada a shiga ɗaki a cikin pragya (keke mai ƙafa uku) ko trotro (ƙaramar bas ɗin haya), inda waya ke tsalle daga wannan eriya zuwa waccan, kuma in Wi-Fi ne da ke kan wutar ECG ba tare da batir ba, a san cewa dumso ɗaya, wato ɗaukewar wuta, ya isa. Kiran waya ma yana fitar da mutum, a kunna hana damuwa kafin a shiga. Project Sekai yana hukunta mai yawan fita a tsakiyar waƙa da hana shi shiga ɗaki na ɗan lokaci. In an kusa kiran Magariba, a haƙura da jerin waƙa 4.

Ainihin ɓarayin su ne waɗannan. Iyafis na Bluetooth yakan jinkirta sauti da milisakan 100 zuwa 250, ga ƙofar da faɗinta 30 zuwa 50 ne. Ana iya gyara jinkirin waƙa a saiti, amma ƙarar bugunka za ta riƙa zuwa a makare tana rikita kunne. Ko a kashe ƙarar bugu, ko a sayi iyafis mai igiya a PZ a Adum, wanda shi ne mafi arhar ƙarin mataki da kuɗi ke saya. Fuskar waya mai 60Hz tana sabunta hoto duk milisakan 16.7, mai 90Hz duk 11.1, mai 120Hz duk 8.3, da yawan Tecno da Infinix na yanzu suna da 90 ko 120, amma yanayin adana batir yana mayar da su 60 ba tare da sanarwa ba. Zafin Fabrairu da Maris yana sa waya ta rage gudunta da kanta bayan minti 20 ko 30 na bugu, sai hoto ya fara tsalle daidai inda ɗigo ya fi yawa. A cire mata riga, a rage haske, a kashe bidiyon bayan fage a bar hoto tsayayye, kuma kada a buga tana caji. Cajar banza tana da wata illar: takan sa gilashi ya riƙa jin taɓawar da ba a yi ba, dogon ɗigo ya yanke a tsakiya.

Akwai kuma saitin ɗaukar hoton fuska da yatsu 3 da ke zuwa a kunne a wayoyi da yawa. Duk sanda yatsu 3 suka sauka tare, wayar takan ɗauka umarni ne ta haɗiye bugun. Wanda ke ƙetare Hard lafiya amma Expert na yanke masa ba dalili, ya fara duba nan. Gumi a lokacin damina yana sa yatsa ya manne a wurin ja, ƙurar hunturu kuma tana busar da fata har gilashi ya daina ji sosai. Ƙyalle mai laushi a gefe, ko 'yar safar yatsa irin ta masu PUBG, tana maganin duka biyun.

Yadda ake riƙe wayar ma yana yanke iyaka. Da manyan yatsu 2, waya a hannu, ana kaiwa Expert da ƙananan Master. Daga nan sama, ajiye ta a tebur a kan abin da ba ya zamewa a buga da manuniya ya fi sauri, sai dai ranar da aka canza riƙo a sauka mataki 2 cur na aƙalla mako ɗaya. A gidan gem kuwa talabijin ne matsala: in ba a sa shi a yanayin gem ba, hoton yana makara, kuma saitin da wani ya bari ba naka ba ne. Fortnite Festival yana da wurin daidaita sauti da hoto mai suna Tune Up, minti 2 yake ci. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma in kuɗin awa ɗaya ka biya, waɗannan minti 2 sun fi zagaye 3 na ɓarna. A na'urar da ba taka ba, cire mataki ɗaya daga lambarka kafin ka fara.

Yadda ake gano lambar ɗaki

A keɓe zama ɗaya, kai kaɗai, da na'urar da iyafis ɗin da za ka shiga ɗaki da su. Ɗuma hannu da waƙa 2 masu sauƙi. Sannan zaɓi lamba ɗaya, ka buga waƙa 10 masu wannan lambar waɗanda ba ka haddace ba, kowace sau ɗaya, ba maimaitawa. Rubuta abu biyu: yawan Miss, da ko ma'aunin rai ya taɓa sauka ƙasa da rabi. In 9 cikin 10 sun wuce rai bai sauka ƙasa da rabi ba, Miss kuma bai haura 1 cikin kowane ɗigo 100 ba, lambar taka ce. Gwada ta gaba. Inda ka fara faɗuwa a 3 cikin 10, ka wuce iyaka, koma baya ɗaya. A osu! ma'aunin shi ne daidaito 93 zuwa 95 a karon farko. Yawanci abin da zai fito yana ƙasa da lambar gida da 2 zuwa 4 a gem ɗin waya, da rabin tauraro zuwa ɗaya a osu!. A sake gwajin duk wata, ko duk sanda aka canza waya.

A lura kuma da irin kuskuren. Gem da yawa suna nuna ko ka yi sauri ko ka makara. In kusan duk kuskurenka gefe ɗaya ne, ba matakin ne ya fi ƙarfinka ba, saitin jinkiri ne. Matsa shi kaɗan-kaɗan har kuskuren ya rabu biyu daidai. In kuwa a warwatse yake, gaba da baya, yana kuma taruwa a wuri mai cunkoso, hannu ne bai kai ba, saiti ba zai yi komai ba.

In an riga an fara ka ga ka ɗauko abin da ya fi ka, kada ka fita, kuma kada ka shiga dannawa barkatai, don bugun hauka yana jawo Bad a kan ɗigon da bai iso ba, rai ya ƙara zubewa. Saki ɓangaren da ya gagara, bi babban bugun waƙar da ɗigon da ke kansa, riƙe dogayen ɗigo don su ne masu arha, ka dawo cikakke idan cunkoson ya wuce. Zagaye na gaba sauka da lamba 2, ka zauna a nan har waƙa 3 su wuce tas kafin ka sake hawa.